Faifan Raga

Ranar da na fara shiga ɗakin ɗinki
a ƙarƙashin gidan rawar bale na Leeds,
tsohuwa Winifred ta ɗaga wani farin abu
ta ce, "Tanko, wannan sunansa tutu."
Na ciji leɓe don kada dariya ta kuɓuce.
Ta yaya zan gaya mata
abin da kalmar ke nufi a gidanmu, a Gumel?
Na yi gum, na karɓi allura.

Yau shekara tara ke nan.
Mabuɗin kabad ɗin baya yana wuyana,
inda rigunan ke rataye a kife
kamar jemagu a tsamiya,
don kada raga ta saki jiki.

Babbarsu doguwa ce, har ƙwauri,
sakayau kamar gidan sauron da iska ta shiga.
Winifred ta ce a wancan zamanin
so ake mace ta zama aljana,
ta ratsa dandali ba a ji sawunta ba.
Amma fitilun gas ne jere a bakin dandalin,
wuta kuwa ba ruwanta da aljana.
Ta nuna min wani gefe da ya babbake,
ta mayar da rigar, ta rufe kabad.
Ranar ko shayi ba ta sha ba.

Sai ƙafa ta koyi sabon aiki:
juyi, tsalle, tsayuwa a kan ɗan yatsa.
Masu kallo suka ce, to mu gani mana!
Almakashi ya amsa kira.
Daga ƙwauri ya hau gwiwa, riga ta zama ƙararrawa,
daga gwiwa ya haura cinya,
har ta ƙi sauka, ta miƙe ta ko'ina,
faifai sak, irin na rufe ƙwaryar fura,
da zoben waya ɓoye a cikinsa.

Hawa goma sha biyu nake jerawa,
kowane ya ɗara na ƙasansa da faɗin yatsa biyu,
in bi su da hannu, ɗinki ɗaya bayan ɗaya.
Mai kallo yana ganin gajimare.
Mai ɗaga yarinya yana komawa gida da haɓa a kuje.
Ni kuma mako uku babban yatsana bai san barci ba.

Can a New York, in ji Winifred,
wata rana aka zare wayar,
aka bar rigar ta yi laushi kamar audugar hoda,
don 'yan mata su jeru ba a yi karo ba.
Nailan ya zo, ya kori tsohon yadi.
Ta yi tsaki: "Yana wankuwa, amma ba ya numfashi."

Bara aka kawo min Keziah,
'yar Chapeltown, baƙa wuluk kamar ƙanwata.
A akwatinmu launin fata ɗaya ne tak,
kuma ba nata ba ne.
Na ɗora tukunya, jinin marina ya motsa,
na tsoma kafaɗar rigar sau bakwai,
ina kara ta da damtsenta a bakin taga,
har muka rasa inda yadi ya ƙare.
Ba ta ce komai ba.
Madubi kawai ta daɗe tana kallo.

Winifred ta koma Whitby, idonta ya gaji.
Ni ke tsayawa bayan labule yanzu,
allura soke a wuyan rigata,
dubu suna tafi, ni ina kallon zare ɗaya
da ke lilo a hawa na tara.

Jiya Inna ta kira daga gida:
"Wai me kake ɗinka wa Turawan nan ne?"
Na dubi abin, na tuna sunansa.
Na ce, "Faifai, Inna."
Ta ce, "Allah ya kawo kasuwa."